Kai Kaɗai Ka Rage

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Baffa ya rasu ranar wata Laraba da hantsi, a kan kujerarsa, a shagon ɗinkinsa da ke unguwar Al-Ranuna a Madina, da almakashi a cinyarsa. An yi masa sallah a Harami bayan La'asar, kafin a kira Magariba yana kwance a Baƙi'a. Yayan mahaifina ne, shi ne kuma babban gidanmu tun kafin in yi wayo. Ya haura tamanin, bai yi jinyar ko yini ɗaya ba, bai sa kowa ya ɗaga shi ko ya juya shi ba. Har a wajen mutuwa sai da ya fi mu iya tsari.

An jera kujeru a layin gidansa kamar yadda ake yi a nan, mu mazan gida muka zauna a sahun gaba, ana bi ana ba mu hannu, ana zagayawa da gahawa da dabino. 'Yan'uwanmu mutanen Chadi sun zo, na Sudan sun zo, ɗaliban jami'a 'yan Najeriya sun zo da rigunansu masu guga. Baba Ƙarami, autan su Baffa, ya yi kuka har rawaninsa ya warware. Gwaggo, ƙanwarsu mace tilo, muna jiyo muryarta daga cikin gida tana cewa bango ya faɗi. 'Ya'yan Baffa da aka haifa a nan ana yi musu gaisuwa da Hausa suna amsawa da Larabci. Wani tsoho mutumin Sudan ya riƙe hannuna ya ƙi saki, yana cewa irin wannan mutum ba a sake yi, shekara talatin gidanku bai taɓa rabuwa biyu a kan magana ba. Duk wanda ya zo da wannan yabon yake zuwa, kamar a bakin layi aka raba musu shi.

Ni ban yi kuka ba. Abin da ke raina a maƙabarta, lokacin da ake tura ƙasa, hassada ce tsagwaronta. Wannan ramin da ya samu ba wahala, shi mahaifiyata ta yi shekara arba'in tana roƙo. Inna tana Injamena, shekara huɗu ke nan, kwance a ɗakin ƙanwarta rabin jikinta a shanye, kuma a falon Baffa aka yanke cewa a mayar da ita can. Duk sanda na kira ta a waya, bayan gaisuwa tambayarta ɗaya ce, yaushe za a dawo da ita ta mutu a Madina. Na tsaya a kan kabarinsa ina cewa a raina, to, mai hanawa ya tafi.

Ni direban bas ne, masu Umra nake ɗauka daga Madina zuwa Makka, rubutu ba sana'ata ba ce. Amma jikokinsa ba za su san shi ba sai ta bakin masu yabo, ni kuwa na san wani abu da masu yabon ba su sani ba, ko in ce ba su san sun sani ba sai ranar uku.

Siririn mutum ne dogo, kullum da allura soke a wuyan rigarsa da guntun zare a leɓe. Dogayen fararen rigunan nan na mutanen ƙasar yake ɗinkawa, kuma bai cika ɗauko tef ba, da ido yake awo. Da idon nan yake auna mu ma. Idan ka kwana biyu ba ka je gaishe shi ba, zai dube ka sama da ƙasa ya ce cikinka ya ƙaru da kamu guda, hankalinka kuwa yana nan inda ya bar shi. Ba ya ɗaga murya, ba ya zagi, amma maganarsa takan yi mako tana yi maka ƙaiƙayi. Duk Asabar da sassafe yakan taka da ƙafa zuwa masallacin Kuba, ko ana zafi ko ana sanyi. Idan ka tsaya da mota za ka rage masa hanya, sai ya tambaye ka ko ladan nasa kake so a raba biyu.

Abin da aka fi saninsa da shi shi ne zagaye. Mu dangi ne da ba mu wuce gida bakwai ba a garin nan, daga Al-Ranuna zuwa Harra ta Yamma. A ƙasar da kake baƙo ko da a nan aka yanke maka cibiya, magana ba ta ƙarewa: wa za a ba aure, wa zai koma hannun wane kafili mai tsaya wa baƙo, wa za a rufa wa asiri idan iƙamarsa, takardar zaman ƙasa, ta mutu. Duk irin wannan a falon Baffa ake yankewa, ranar Juma'a bayan La'asar. Amma kafin Juma'ar sai ya rufe shago, ya sayi damin na'ana, ya bi gidajen ɗaya bayan ɗaya. Da ka gan shi a bakin ƙofa da na'ana a hannu ka san akwai zance. Zai sa a dafa shayi, ya sallami kowa daga ɗakin, ya zauna da kai ku biyu, ya warware maka maganar da abin da yake ganin ya dace. Idan ka fara ja ba ya musu da kai. Sai ya kurɓi shayi ya ce a hankali, “To, na ji. Sai dai na bi sauran duka, sun yarda. Kai kaɗai ka rage.” Wa zai so ya zama shi kaɗai? Sai ka ce Allah ya sa haka ya fi alheri. Kafin ya fita kuma ya ja maka kunne, abin da kuka faɗa amana ce tsakaninku, ba ya son ya ji shi a bakin wani.

Ranar Juma'a a taru, ya faɗi abin da aka yanke, ya tambaya ko akwai mai magana. Kowa ya sunkuyar da kai, a shafa Fatiha. Shayin da aka zuba ma bai gama hucewa ba an tashi. Yakan ce shi ba ya kawo magana taro sai ta dahu.

Kafin ni, mutum ɗaya ne ya taɓa ja da shi a fili, mijin ƙanwata. Bakano ne, karatu ya kawo shi jami'a har ya zama yana koyarwa, muna ce masa Malam. A shekararsa ta biyu a cikinmu ana maganar inda za a yi walimar auren ɗan Baba Ƙarami, Baffa ya tambaya ko akwai mai magana, sai Malam ya gyara zama ya ce shawara a Musulunci ba haka take ba, a zagaya a ji bakin kowa a gaban kowa. Ya jawo aya ya jawo hadisi. Mun zaci Baffa zai cinye shi ɗanye. Sai ya yi murmushi ya ce bismillah, ya miƙa masa taron. Juma'a uku aka yi ana abu ɗaya. Wanda ya ce a kama wuri a Harra, da ya ji Gwaggo ta fi son kusa da Kuba sai ya koma bayanta, ita kuma da ta ga wanda ya goya mata baya sai ta sauya. A yanke yau, gobe waya ta yi ta ƙara, jibi a warware. Saura kwana biyar biki ba a da wuri, uwar amarya ta daina amsa gaisuwar uwar ango. Ranar Baffa ya sayi na'anarsa, ya yi zagayen yini ɗaya, aka gama. A wurin walimar, a gaban baƙi, ya tura wa Malam ƙashin da ya gama gwaguya ya ce, “Ci, Malam. Ka sha wahalar jin bakin kowa.” Malam bai ƙara buɗe baki a falon nan ba har shekara goma sha ɗaya.

Ba zan ɓoye alherinsa ba. Ɗiyar Gwaggo ta auri wani makanike mai saurin hannu. Sau biyu tana dawowa gida ana mayar da ita. Karo na uku ta zo da haƙoranta biyu ƙulle a gefen mayafi. Baffa ya yi zagaye, ranar Juma'a ya ce dangi sun haɗu a kan ba za ta koma ba. Shi da kansa ya je garejin mutumin, tsoho da shi, ya zauna a kan tsohuwar taya tun hantsi har Azahar bai ce uffan ba, sai da aka rubuta saki aka miƙa masa. Ya ba ta ɗaya daga cikin kekunan ɗinkinsa, ya koya mata yankan abaya. Tun daga lokacin, duk Sallah takan yi girki ta bi gidajen kawunnanta da 'yan'uwa tana kaiwa, tana cewa ba za ta manta ranar da suka tsaya mata baki ɗaya ba. Ni ma nakan ci, in amsa godiyar.

Sai maganar Inna. Bayan rasuwar mahaifina da wata bakwai jininta ya hau, ya shanye mata ɓarin hagu. Iƙamarta a hannun mahaifina take, dole ta dawo hannuna, ni ne ɗa namiji tilo. Gidana a hawa na uku yake a Harra ta Yamma, ba lif, sai matakala. Wata goma sha ɗaya ina goya ta in sauko, in goya ta in hau, duk ranar asibiti. Matata ke yi mata wanka da tsarki, ban taɓa jin ta yi tsaki ba, wannan zan shaide ta ko a gaban Allah. Sai wata Juma'a Baffa ya ce dangi sun duba sun ga ya fi a mayar da Inna Injamena wurin ƙanwarta, inda akwai tsakar gida da mata da yawa masu kula. Ya tambaya ko akwai mai magana. Na miƙe tsaye. Na ce wannan zalunci ne, matar da ta shigo garin nan tana amarya, ta haihu a nan, ta binne miji a nan, ba ta da wani buri sai Baƙi'a. Na yi ta ihu har jijiyar wuyana ta tashi. Baffa ya bari sai da na gama, sannan ya ce, “Zauna, ya waladi. Mutum ɗaya ba ya rushe abin da gida bakwai suka yanke.” Na zauna.

Aka buga mata fita ta ƙarshe a fasfo, irin wadda ba dawowa a kanta. Ranar tafiya ta roƙa a bi da ita ta gefen katangar Baƙi'a. Na rage gudu, ta ɗaga hannun da ke motsi ta yi wa mahaifina sallama ta taga. Baffa yana kujerar gaba yana kallon hanya, bai waiwaya ba har filin jirgi.

Shekara huɗu ban taka shagonsa ba. Ranar Sallah in miƙa masa hannu ina kallon bango. Rigunana ma wani tela can daban na koma kai wa, don dai labari ya je masa. Duk wanda ya tambaye ni Inna sai in ce an fi ƙarfina, a yi ta ba ni haƙuri, har nakan ji daɗin haƙurin.

Ranar uku, bayan Azahar, kafin baƙi su fara zuwa, muka zauna mu kaɗai a falonsa, aka kawo farantin shinkafa da nama. Mata suna ɗaya ɓangaren, labule ne kawai a tsakani. Baba Ƙarami ya ɗauko yabon nan da kowa ke yi, sai ya ƙara da cewa shi dai Allah ya yafe masa, domin shi ne mai taurin kan gidan, kullum Yaya sai ya gama da kowa sannan ya zo kansa, kullum shi ne na ƙarshen yarda. Daga bayan labule Gwaggo ta ce ya daina ɗaukar laifin da ba nasa ba, ita ce ta ƙarshe, Yaya da bakinsa yake gaya mata ita kaɗai ta rage. Babban ɗan Baffa ya ajiye lomar da ke hannunsa, ya rantse da Larabci shi ma haka ake ce masa. Malam ya ce shi ma. Sai wani ya fashe da dariya, muka bi shi gaba ɗaya, dariya har da hawaye a gidan makoki. Gida bakwai, shekara talatin, kowanne yana zaton shi ne na ƙarshe.

Da a nan muka tsaya da mun tashi lafiya. Malam ne, da ya daɗe yana jiran wannan rana, ya ce to a bi maganganun ɗaya bayan ɗaya a ji ainihin abin da kowa ya so. Aka fara da ƙanana, ana ta dariya. Baba Ƙarami da daɗin hira ya ɗebe shi ya manta labule ba bango ba ne, ya ce ko maganar yarinyar Gwaggo shi cewa ya yi a mayar da ita, mace ba ta kashe aure don mari. Ɗan Baffa ya ce shi ma haka ya ce. Aka zagaya mazan da ke wurin, ba ko ɗaya da ya so ta fito. Da aka zo kaina na ce ban tuna ba, kowa kuwa ya san abin da wannan ke nufi. Sai muka ji muryar ɗiyar Gwaggo a bayan labule tana tambayar uwarta, “Ke fa, Ummi?” Gwaggo ta fara kame-kame. Muka ji an ajiye faranti, muka ji ƙarar ƙofa.

Sauran ni na jawo wa kaina. Ina so a bar waccan maganar, ina kuma ganin ranata ce ta zo, sai na ce to Inna fa, wa ya yarda a kore ta? Baba Ƙarami ya ce shi sam bai so ba, har ya ce wa Yaya zai ba ta ɗakin ƙasa na gidansa. Gwaggo ta ce ita kuka ta yi ta ce a kawo mata ita. Na fara huci ina shirin in ce kun gani ko. Na ce wato nan ma ce muku ya yi kowa ya yarda, ku kaɗai kuka rage. Baba Ƙarami ya dubi farantin, ya ce a'a, wannan karon ba haka Yaya ya ce ba.

“Cewa ya yi ɗanta ya gaji. Ya ce kai ka gaya masa da bakinka, kuma idan ta koma gidan waninka a garin nan, ba za ka ƙara ɗaga kai a cikin mutane ba.”

Gwaggo ta ce ita ma haka aka gaya mata. Malam ya ce shi ma, kuma bai taɓa faɗa wa ƙanwata ba. Aka juyo ana kallona, ana jira in ce wannan ma ƙarya ce irin sauran. Da na faɗa da sun karɓa, mai musa mini yana Baƙi'a.

Ga abin da ya faru. Kwana tara kafin waccan Juma'ar na tsayar da bas a Bi'ir Ali, fasinjojina sun shiga masallaci su yi wanka su ɗaura harami. Ina zaune a inuwar motar sai ga Baffa ya sauko daga tasi, ba na'ana a hannunsa. Ya zauna kusa da ni a kan dakali. Muna kallon wani mutum yana tura tsohuwarsa a keke yana gyara mata mayafi. Baffa bai dube ni ba ya ce, “Ka gaji?” Na ce duk abin da dangi suka gani shi ne daidai. Ya ce bai tambayi dangi ba, bai je gidan kowa ba tukuna, wurina ya fara zuwa. Ina kallon tayar mota na ce, “Na gaji, Baffa.” Ya gyaɗa kai kamar wanda aka gaya wa awon da ya riga ya sani. Ya ce to shi zai ɗauka. Ranar Juma'a in tashi in yi faɗa sosai, shi zai zaunar da ni, daga nan in ƙi shi iya son raina, ba zai riƙe ni a zuci ba. Fasinjoji suka fito suna Labbaika, na hau na tayar da mota na bar shi a kan dakalin.

Abin da ya fi ba ni tsoro da kaina shi ne ƙiyayyar ba ta wasa ba ce. Cikin wata biyu na manta da wannan zama, a wurin da nake tsayawa sau uku a mako. Na gaskata ihuna. Shi kuma ko sau ɗaya bai yi mini kallon da zai tuna mini ba, yakan karɓi hannun da nake miƙa masa ina kallon bango ya ce Allah ya yi mini albarka. Sauran kuwa ashe kowanne ya san na gaji, kowanne yana zaton shi kaɗai aka ba wannan amanar, shi ya sa suke ba ni haƙuri ba ko ƙiftawa. Muna cin abinci a faranti ɗaya shekara huɗu kowa da saninsa a aljihu. Ranar da aka zazzage shi a tsakiyar falo, ba wanda ya iya ƙarasa lomarsa.

Ban wanke shi ba. Ya mai da manya yara, ya yi mana ƙarya yana kurɓar shayinmu, kuma abin da ya ce mini zai ɗauka shi kaɗai ya raba shi gida-gida. Amma ni ne na fi kowa cin moriyarsa, na kuma fi kowa zaginsa. Matata, da muka koma gida ranar, ba ta yi faɗa ba. Ta ce shekara huɗu matan unguwa suna nuna ta da baki a kan ita ta kori surukarta, ina ji ina gani ban ce komai ba. Ta ce ita da ke wanke ta ba wanda ya zo ya tambaye ta ko ta gaji.

Da aka kwashe kujeru Malam ya karɓi taron, ba wanda ya ba shi, ba wanda ya hana shi. Ya buɗe mana gurup a waya, ya ce daga yau ba ɓoye-ɓoye, kowace magana a gaban kowa. Magana ta farko ita ce dawo da Inna da bizar ziyara. Juma'ar farko kowa ya ɗaga hannu, aka ce ta sauka a ɗakin ƙasa na Baba Ƙarami. Kafin Litinin matarsa ta rubuta a gurup cewa ba ta ga dalilin da zai sa ta wanke uwar wanda ya ce ya gaji ba, kuma gaskiyarta ce. Juma'a ta biyu aka koma kan gidan Gwaggo. Ɗiyarta, wadda ita za ta yi hidimar, ta aiko cewa Inna kam ko yau, da hannu biyu, amma ba namijin gidan nan da zai tako mata ƙofa da sunan dubiya, har da ni. Baba Ƙarami ya ce ba za a yi masa iyaka da gidan ƙanwarsa ba, ya janye. Juma'a ta uku mutum huɗu ne suka zo. Malam ya ce a ɗaga hannu, kowa ya tsaya yana satar kallon na kusa da shi, hannuwa suka tashi rabi suka koma. Ƙanwata, da ba ta yi mini magana ba tun ranar uku, ta ce wa mijinta ya gaya mini uwar tawa ce, takardar ma da sunana za a nema, in daina ɓata wa mutane Juma'arsu.

Washegari na cike takardun. Abin da na yi shekara huɗu ina cewa an hana ni bai ci mini rabin yini ba. Na je na ga wani gida na ƙasa a Al-Ranuna mai faɗin ƙofar da keke zai shiga. Sannan na kira Injamena da hantsi, ina jin kaina kamar wanda ya yi abin kirki.

Ƙanwar Inna ta kara mata wayar a kunne. Na ce ta shirya, kafin azumi tana Madina. Sai ta ce labarin falo ya zo mata tun ranar, mutum uku ne suka kira ta, kowa yana rige-rigen wanke kansa. Na fara ba ta haƙuri, ta katse ni, ta ce ba sabon labari ba ne a wurinta. Ranar Alhamis kafin waccan Juma'ar, ina hanyar Makka, Baffa ya hau benen nan yana haki, ya zauna a bakin gadonta ya gaya mata komai, har da zaman Bi'ir Ali. Ya ce idan ba ta yarda ba maganar ta mutu a nan, da kansa zai kai ta gidan Baba Ƙarami. Ita ta ce a kai ta Injamena, ba za ta kwanta a gidan wani ba a garin da ɗanta yake, ana nuna shi.

Na ce to me ya sa duk shekarun nan take tambayata yaushe za a dawo da ita.

“Hanya nake ba ka,” in ji ta. “Kullum ina cewa yau zai ce, Inna, ni ne, kuma na huta, ki zo. Da ka faɗa ko sau ɗaya, mu biyu, da na rarrafo. Matan gidan nan ina gaya musu dangi ne suka fi ƙarfinka, suna cewa ina da ɗa. Yanzu har mai kawo mana ruwa ta sani.”

Na ce ai ga shi na yi, takarda ta shiga, har gida na samu.

“Ka yi ne gida bakwai na kallonka. Kada ka aiko. Ba zan zo ka riƙa ɗaga ni kana waiwayen wa ke gani ba.”

Na ce Inna, Baƙi'a fa. Ta ce ta roƙa iya roƙonta, Allah ya ji, ya ba wanda ya ga dama. Ta riga ta sa an tura ta a keke ta hango maƙabartar unguwarsu, ita ma ƙasa ce. Ta ce in yi wa Baffa addu'a ta gaske, ba irin gaisuwar da nake yi masa ba. Sannan ta ce abu ɗaya take so daga Madina, in saya mata likkafani, in jiƙa shi da zamzam in shanya, in ba masu Umra su kai mata.

“Ba shi da nauyi,” ta ce. “Ba zai gajiyar da kai ba.”

Allah ya jiƙan Baffa, ya yafe masa ƙaryar da ya yi mana da gaskiyar da ya rufe mini, ya sanyaya masa ƙasar da ya samu. Mu da ya bari, Allah ya ba mu idon da za mu kalli juna da shi.

Likkafanin a wani shago bayan Harami na saya. Mai shagon ya tambaye ni na namiji ko na mace, na ce na mace, na mahaifiyata. Ya fara yi mini gaisuwa, na ce tana da rai, ita ta aiko ni. Ya naɗe shi da kyau ya miƙo mini, yana cewa Allah ya ja kwananta, lallai ta yi dacen ɗa.